Freeman, gajeren da ya gagari dogaye

Mu ƴan kasuwa mun san halin wasu iyayen gida: yaro ya yi shekara da shekaru yana kawo riba, ranar da ƙarfinsa ya fara raguwa sai a sallame shi. Haka ta faru da Alfred Freeman, ɗan wasan kuriket na gundumar Kent a ƙasar Ingila.

A wasan kuriket, mutum guda ke jefa ƙwallo, wani kuma yana kare sanduna uku da katako. Aikin mai jifa shi ne ya fitar da mai karewa. Freeman, wanda aka haifa a 1888, tsawonsa bai kai mita ɗaya da santimita 60 ba. Ba da ƙarfi yake jifa ba, murza ƙwallon yake yi, da ta taɓa ƙasa sai ta sake hanya.

A kakar 1928 kaɗai ya fitar da mutum sau 304, kuma har yau babu wanda ya sake kai wa 300. A duk rayuwarsa ta wasa ya tara 3,776. Wilfred Rhodes ne kawai ya fi shi. Duk da haka, wasa 12 kacal ya yi wa ƙasarsa.

A 1936, yana da shekara 48, Kent ta sallame shi, alhali a shekarar ma ya haura 100. Sai dai bai dogara ga wasa kaɗai ba: shi da abokin wasansa Jack Hubble sun yi haɗin gwiwa a kantin kayan wasanni a garin Maidstone. Ya rasu a 1965.