Sikeli da Neman Haihuwa a Kalambaina

Yau shirin namu ya yada zango a Kalambaina, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, garin da tun 1967 ake toya dutse ana mai da shi siminti. Amma ba siminti ya kawo mu ba. Zancen da ya kawo mu a tsakar gida ake yin sa, da murya ƙasa-ƙasa: wance shekara uku da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai wata ta ce, "Ai kitse ne ya rufe mata mahaifa." A gidan maƙwabta kuma ka ji an ce, "Yo ita da duk ta bushe haka, ina ciki zai zauna?"

Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta inda masu faɗinsu suke zato ba.

Mu fara da awo. Duk ɗan Kalambaina ya san buhun siminti kilo 50 ne, to mu yi lissafi da shi. Likita ba nauyi kaɗai yake dubawa ba, yana haɗa shi da tsayi, ya fitar da wani adadi da ake kira BMI. Ɗauki mace mai tsayin mita 1.6, wato matsakaiciya. In nauyinta buhu guda ne cif, adadinta 19 da rabi, tana cikin daidai amma a bakin gaɓa. In ta sauka ƙasa da kilo 47, ta faɗa ƙasa da 18.5, an shiga rama. Daga kilo 64 an fara wuce kima. Idan ta kai kilo 77, buhu ɗaya da rabi da ɗoriya, adadinta ya kai 30, kuma nan ne likitocin mata suke fara gyara zama.

To ya kitse yake hana ciki? Ba kwanciya yake yi a bakin mahaifa ya toshe ta ba, wannan kam a cire shi daga rai. Kowane wata ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa ma'ajiyar ƙwai ta mace, ta hanyar wasu sinadarai da ke yawo cikin jini, cewa a nuna ƙwai ɗaya a sake shi. Shi kuwa kitse ba ajiya ba ne kurum, shi ma yana sarrafa irin waɗannan sinadarai. In ya yi yawa sai saƙon ya rikice, jiki ya daina jin maganar insulin mai daidaita suga, ƙwai ya fara girma ya tsaya a hanya. Al'ada ta yi wata biyu, wata uku ba ta zo ba. Inda ba a saki ƙwai ba kuwa, ko maganin duk kasuwar Sakkwato aka sha, babu abin da zai haɗu da ruwan maigida.

Akwai wata larura da ta fi shahara a nan, likitoci na kiran ta PCOS. Wasu likitoci biyu a birnin Cikago na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar mace 6 zuwa 13 cikin kowace ɗari da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba su san suna da ita ba. Alamominta a fili suke ga wanda ya sani: al'ada mai tsallake, gashi a haɓa ko gefen fuska, ƙuraje, da wani baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya da hammata. Baiwar Allah sai ta yi ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce, ta sayi man bilicin ta shafa, alhali jiki ne yake sanar da ita cewa suga na neman yi masa gardama. A kula, siririya ma tana iya samun wannan larura, ƙiba dai tana ƙara tsananta ta.

Ita ma rama tana da nata. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna mace 28 cikin ɗari a Najeriya nauyinsu ya wuce kima, 12 cikin ɗari kuma ba su kai kima ba, kuma ramar ta fi yawa a nan arewa, musamman a karkara. Tun 1974 wata masaniya a jami'ar Habad, Rose Frisch, ta nuna cewa jikin mace na bukatar wani ma'auni na kitse kafin al'ada ta zauna daidai. Jikin da bai ƙoshi ba yakan dakatar da sakin ƙwai, don ba shi da abin ciyar da mutum biyu. Matar da ke daka, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, sannan ita ce ta ƙarshen sa hannu a akushi, ba rubutu take bukata da farko ba. Abinci take bukata, da gwaji, domin tarin fuka da ciwon suga da cutar maƙoƙo duk suna ramar da mutum.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

An sa ranar biki, saura wata biyu. Gwaggo ta dubi yarinya ta ce, "Haba, a haka za mu kai ki ɗakin miji, a ce ba mu iya kiwo ba?" A shiga gyaran jiki. Gumba da madara da kaza, waɗannan abinci ne, ba mu da ja a kansu. Amma sai a aika yaro kyamis da 'yan canji, ya dawo da ƙwayoyi ƙanana ƙulle a leda, ba kwali ba takarda. Sunansu a bakin mata "sha ka fashe". Mafi yawa haɗi ne na abu biyu. Ɗaya siforoheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, amma yana buɗe ciki ya kawo barci. Ɗayan dekzametason, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi ga mai asma ko kumburi. Cikin 'yan makonni kumatu sun ciko, fuska ta yi zagaye, 'yan biki suna ta barka. Abin da ba a gani shi ne ruwa ne ya taru, kitse ya tattara a ciki da doron wuya, ƙafafu kuwa suna sirancewa. Suga ya hau, jini ya hau, fata ta fara tsagewa, al'ada ta rikice.

Bayan shekara biyu shiru, bakin da ya ce a ƙara mata jiki shi ne zai ce ƙiba ta hana ta haihuwa. Iyayenmu mata, don Allah a duba wannan. Wadda kuma ta daɗe tana shan dekzametason, kada ta yanke shi rana ɗaya don ta ji mu a rediyo. Jiki ya riga ya dogara da shi, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum kwance. A je asibiti a janye shi sannu a hankali.

Maigida, kada ka sauya tasha, an zo kanka. A wajenmu tumbi alamar zama lafiya ce, har a ce Alhaji ya ajiye teɓa, kuɗi sun zauna. To kitsen ciki yana rage sinadarin mazantaka, yana iya rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu. Zafi ma haka. Allah ya ajiye 'ya'yan maraina a waje ne don suna son sanyi fiye da sauran jiki, don haka direban tirela da ke wuni zaune a kan kujera mai zafi, ga teɓa ga ciwon suga, yana da dalilin zuwa gwaji. Kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma duk cikin gwaje-gwajen, nasa ne mafi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da ruwa a ɗan kwalba, a duba. Na san amsar da aka saba bayarwa, "Ai ina da 'ya'ya da uwargida." Gaskiya ne, Malam, amma autan shekararsa nawa? Jikin da ya haife shi ba shi ne na yau ba.

Sai maganar samun magani, inda sikeli ya zama mai gadin ƙofa.

Tun da aka haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, ake gardamar wa ya cancanci a yi wa. A Ingila, inda gwamnati ke biya wa wasu, yankuna da dama ba sa karɓar mace sai adadin BMI ɗinta yana tsakanin 19 da 30. A Niyu Zilan iyakar 32 ce. Suna da hujja: mai ƙiba na bukatar allurai masu yawa kafin ƙwai ya nuna, ɓari ya fi yawa, kuma in cikin ya zauna akwai barazanar hawan jini, da jijjiga, da sugan masu ciki, da haihuwa ta tiyata.

Sai dai wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2016, ya sa likitoci sun sake tunani. Mata 577 masu ƙiba da ke neman haihuwa aka raba gida biyu. Kashi ɗaya aka ce su yi wata shida suna rage nauyi kafin a fara musu magani, ɗaya kashin aka fara musu nan take. Da aka cika shekara biyu, waɗanda aka jinkirta ba su fi sauran samun lafiyayyun jarirai ba, ko da yake an fi samun masu ɗaukar ciki da kansu ba tare da magani ba a cikinsu. Abin da na fahimta a nan shi ne rage ƙiba yana da amfani, amma ba a sayen sa da shekaru. 'Yar shekara 23 tana da sararin ta yi wata shida tana gyara cin abinci. 'Yar shekara 37 ba ta da shi, domin daga 35 ƙwai yana raguwa da sauri, yawa da inganci, kuma kilo ana sauke shi, shekara ba a sauke ta. Duk wanda ya kalli mace daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, je ki rage jiki ki dawo," bai ɗauki hoto ba, bai auna jini ba, bai tambayi mijinta ba, to sallamarta ya yi, bai duba ta ba.

Mu a nan mai gadin ƙofarmu aljihu ne. An haifi jaririya ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa a Abuja tun 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada, amma har yau cibiyoyin sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗin miliyoyin naira ne a kowane gwaji, daga aljihu, ga kuɗin mota da masauki, kuma ba tabbas a dace a karon farko. Ta fuskar addini, tun 1980 Shehu Jadul Haƙ na ƙasar Masar ya ba da fatawar halaccinsa, muddin ƙwan na matar ne, ruwan na mijinta ne, kuma igiyar aure na nan.

Abin da ya kamata a sani shi ne yawancin masu nema ba sa bukatar kaiwa can. Daga Kalambaina kabu-kabu zai kai mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai sashen likitocin mata. Matar da matsalarta rashin sakin ƙwai ce, sau da yawa ƙwaya ce ta kwana biyar a wata, letirozol ko kilomifin, ke tayar da shi. Amma a bar likita ya rubuta, ya bi da hoto. Masu saye a kyamis su yi ta sha wata da watanni suna jawo wa kansu kumburin ma'ajiyar ƙwai, ko cikin 'yan uku da jiki bai shirya wa ba. Sannan a ƙasashenmu babban abin da ke hana mata haihuwa shi ne toshewar bututun da ƙwai ke bi, sanadin ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko ƙwayar cuta da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Wannan ko mace ta sauke kilo 20 ba zai buɗe ba. Hoton mahaifa da ake ɗura ruwa mai launi shi ke nuna shi.

Ga wadda aka tabbatar ƙibar ce, ba a ce ta koma budurwa ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan isa al'ada ta dawo daidai. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan. Wajen da za a fara nema shi ne abin sha: sukarin da ake ambaya wa hura, lemon kwalba, shayi mai kauri safe da yamma. A rage malmalar tuwo da taliya, a ƙara wake, da kwaɗon zogale, da miyar ganye. Tafiya ta rabin awa, kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne ga wadda ba ta fita, bayan sallar asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe ido. Shayin rage ƙiba da ake talla a waya kuwa, da yawansu maganin zawo ne, ruwa suke fitarwa. Kuma duk mai neman ciki, siririya ko mai jiki, ta fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga.

Yaushe za a je asibiti? In an shekara ana tare ba tare da tsarin iyali ba, kuma shiru. In matar ta wuce 35, wata shida ya isa. In al'ada tana tsallake watanni, ba sai an jira komai ba. Za a tafi da takardar da aka rubuta ranakun zuwan al'ada na watannin baya, da duk wani magani da ake sha, har na ƙullin leda da na gargajiya, kada a ɓoye wa likita. Kati biyu za a yanka, ɗaya nata, ɗaya na maigida.