Doki Ya San Abin Da Ke Zuciyar Mai Riƙe Da Shi

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan ci, can bakin iyakar Nijeriya da Nijar, arewa da Gumel. Ban da shanu da raƙuma da tumaki, akan kawo dawaki, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar su zo neman na hawan Salla, ko goɗiyar kiwo. To, a nan ne ake yawan yi wa doki ƙazafi. Mai saye ya zo a gurguje, rana ta take, dillali ya ɓata masa rai, ya fizgi ragama da ƙarfi. Doki ya ja da baya, ya kwantar da kunnuwa. Sai ka ji an ce, "Wannan mai tutsu ne," a karya masa kuɗi. Alhali kuwa yaro ne ya jawo shi daga ƙauye da safe lafiya lau.

Dalili shi ne, Allah ya halicci doki da tsoro. A daji gudu ne babban makaminsa, saboda haka kullum yana lura da motsin abin da ke kusa da shi. In hannunka ya sandare a kan igiya, numfashinka ya yi sama-sama, shi a wurinsa alama ce akwai abin gudu.

Masana a ƙasar Suwidin sun jarraba wannan, suka bayyana a 2009. Sun sa mutane su ja dawaki ko su hau, suka gaya musu a zagaye na ƙarshe za a buɗe laima farat ɗaya. Ba a ko buɗe laimar ba. Amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru don fargaba, na dawakin ma ya ƙaru, su da ba wanda ya gaya musu kome. Tsofaffin masu barga ba za su yi mamaki ba, sun daɗe suna hana mai fushi kusantar turke.

Saboda haka, kafin ka isa wurin dokinka, tsaya tukuna. Ka bar zancen bashi da na taki a ƙofar barga. Ka yi bisimilla, ka ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, ka saki kafaɗunka. Sa'an nan ka nufo shi ta wajen kafaɗarsa, kana yi masa magana ƙasa-ƙasa, gama idanunsa a gefe suke, ba ya ganin abin da ke bayansa sosai ko dab da goshinsa. Mai ɓullo masa ta baya shiru, harbi yake nema. Ka shafa wuyansa, ka dubi kunnuwa. In ya saukar da kai yana motsa baki kamar mai tauna, ya natsu, sai a kawo linzami. In bai natsu ba, jira. Bulala a wannan lokaci ƙara masa tsoro take yi, gobe sai ka sha wuyar kama shi.

Kai kuma mai saye, kada ka yanke wa doki hukunci a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ka ce a ja shi gefe inuwa, a ba shi ruwa da ɗan harawa, ka zauna kamar rabin sa'a kana kallonsa a hannun wanda ya saba da shi, kana ka taya.