Haƙƙin Ma'aikaci Idan Ya Kwanta Ciwo Ko Aka Yi Haihuwa

Mutanen karkara da yawa suna aiki a injin shinkafa, ko gonar kaji, ko kamfanin gine-gine. Idan ɗayansu ya kwanta ciwo, sau da yawa sai mai aikin ya yanke masa albashi. Wata kuma da zarar cikinta ya tsufa, sai a sallame ta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1974, ta yi bayani a kan waɗannan abubuwa. Ta shafi leburori da akawu da makamantansu.

Rashin Lafiya

Ma'aikacin da ciwo ya hana shi zuwa aiki yana da haƙƙin a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara ɗaya. Sharaɗin shi ne ya kawo takarda daga likitan da gwamnati ta yi wa rajista. Takardar mai kemis ba ta isa ba. Mai aikin yana da ikon tura shi wurin wani likita don a sake duba shi.

Hutun Haihuwa

Mace mai ciki tana iya fara hutu mako 6 kafin ta haihu, idan likita ya ba ta takarda. Bayan haihuwa kuma doka ta hana a sa ta aiki har sai ta yi mako 6. Ke nan ta gama wankan jego kafin ta koma. Jimla mako 12.

Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Misali, mai ɗaukar Naira 70,000 a wata, ba za a ba ta ƙasa da Naira 35,000 ba. Ba a yarda a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu ba. In ta koma aiki, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayar da jariri.

Sauyin Da Aka Samu

A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa zuwa wata 6. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince a ba ma'aikatanta maza hutun kwanakin aiki 14 idan matansu sun haihu. Wannan ƙari na ma'aikatan gwamnati ne kawai. Bai hau kan kamfanoni ba, sai dai wanda ya ga dama ya yi koyi.

Abin Yi

Doka ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata 3 da fara aiki. To, a karɓe ta, a karanta ta da kyau, a adana ta tare da takardun asibiti. Wanda aka danne wa haƙƙi ya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharsa. Masu ɗaukar ma'aikata su ma su riƙa rubuta kwanakin hutu da kuɗin da suka biya, don gudun gardama.