Kwikwiyon Da Aka Tsinta A Bakin Kududdufi

Idan kaka ta wuce, aka kai gero rumbu, mutanen karkara sukan nufi birni cin rani, wasu Kano, wasu Zariya. Ƙauye kuwa sai a bar shi da tsofaffi da awaki. A lokacin nan ne akan tsinci kwikwiyo a bakin busasshen kududdufi, ba uwa, ƙishirwa ta galabaitar da shi. Shin a ɗauka, ko a wuce?

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya shiga rijiya, ya ɗebo ruwa da huffinsa, ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona. A mazhabar Malik kare mai rai ba najasa ba ne, amma ƙwaryar ruwan da ya sa wa baki an so a wanke ta sau 7.

Sai dai tausayi ba ya hana hattara. Haukan kare in ya bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo allurarsa. Saboda haka kwikwiyo in ya kai wata 3, a kai shi ga likitan dabbobi rigakafi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya garzaya asibiti ran nan.

Wanda ya raini kwikwiyo da rani, da damina ya sami mai kore masa biri daga gona. Allah Ya sa a dace, amin.