Ƙira Ba Gawayi, Ba Zuga-zugi

Wanda ya saba da maƙerar gargajiya zai sha mamakin na'urar gasa ƙarfe da lantarki. Babu gawayi, babu hayaƙi, babu yaro mai zuga. Bututun jan ƙarfe ne aka naɗe kamar gammo, ruwa na gudana a cikinsa yana sanyaya shi. Maƙeri ya zura ƙarfe a tsakiya, ya taka maɓalli, nan da nan ƙarfen ya yi jajur.

Daga ina zafin yake fitowa? Lantarkin da ke bin bututun yana juya alƙibla sau dubbai cikin daƙiƙa guda, ya haifar da ƙarfin maganaɗisu, wanda shi kuma ke tayar da wani lantarkin a jikin ƙarfen. Zafin daga cikin ƙarfen yake tasowa. Michael Faraday na Ingila ne ya gano tushen wannan ilimi a 1831.

Abin da ya fi burge ni shi ne amfaninta ga mai ƙera wuƙa. Yana iya gasa bakin wuƙar kaɗai, ya tsoma a mai ya yi tauri, gadon bayanta kuwa ya zauna da laushinsa, ba ta saurin karyewa. A wajen digiri 770 maganaɗisu kan daina kama ƙarfe. Don sanin ko zafin ya kusa isa, maƙera kan gwada da shi, su ƙara zafi kaɗan, sannan su tsoma.

Sai dai tana shan wuta sosai: ƙananan da ake sayarwa ma kan kai kilowat 15, abin da zai yi wa maƙerinmu mai dogaro da janareta nauyi. Kuma don Allah a cire zobe kafin a matso kusa, domin shi ma zai ɗauki zafi a yatsa.