Kiwon Lu'ulu'u a Cikin Teku da Abin da Ke Rarrabe Darajarsa

Galibin jauharan da sarakuna da attajirai suke taƙama da su, kamar yaƙutu da zumurrudu da daimon, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su, kuma ba sa nuna kyawonsu sai gwani ya sassaƙe su ya goge. Amma shi lu'ulu'u, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya ambace shi tare da murjani a cikin Suratur Rahman, ya kuma lissafa shi cikin adon 'yan Aljanna, daga cikin wata halitta mai rai yake fitowa, da sheƙinsa cikakke, ba ya bukatar guduma ko magagari. Wannan halitta ita ce kawa, 'yar dabbar ruwa mai ɓawo biyu. Mutanen dā, Larabawa da Farisawa da Indiyawa, sun ɗauka cewa kawa takan taso saman teku a lokacin bazara ta buɗe baki ta karɓi ɗigon ruwan sama, shi ne yake daskarewa a cikinta. Malamai irin su Albiruni, wanda ya yi dogon bayani a kan lu'ulu'u cikin littafinsa na jauharai a ƙarni na 11, sun tattara maganganu masu yawa game da asalinsa. Abin da bincike ya tabbatar daga baya ya fi wancan zato ban mamaki.

A jikin kawa akwai wani tantani mai laushi da ke shimfiɗe a kan ɓawonta ta ciki, wanda aikinsa shi ne fitar da wannan abu mai sheƙi da ake gani idan an buɗe ta. Idan wata tsutsa ta huda ɓawon, ko wani rauni ya tura ɗan yankin tantanin nan cikin tsokar kawa, sai yankin ya yaɗu ya zama 'yar jaka, jakar kuwa ta ci gaba da aikin da ta sani, tana zuba sinadarin alli haɗe da wani irin danƙo, shafi bisa shafi, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Kowane shafi siriri ne ainun, har sai an jera kimanin dubu biyu kafin su kai kaurin milimita ɗaya. Haske yana ratsa waɗannan shafuffuka ya dawo, shi ya sa mai duban lu'ulu'u nagari yakan ga kamar hasken daga cikinsa yake tasowa. A teku kuwa wannan al'amari nadiri ne, domin akan fasa kawa ɗaruruwa ba a dace da ƙwaya ɗaya mai daraja ba.

Kafin a san kiwo, tekun Farisa shi ne babbar ma'adanar lu'ulu'un duniya, kuma a kansa Bahrain da Kuwait da Ƙatar da Dubai suka dogara. Daga watan Yuni zuwa Satumba, tsakiyar zafi, jiragen ruwa sukan fita su yi wata huɗu ba su dawo ba. Mai nutso yakan matse hancinsa da ɗan matsi na ƙoƙon kunkuru, ya rataya kwando a wuya, ya taka dutsen da aka ɗaura wa igiya domin ya kai shi ƙasa da sauri, ya tsinci abin da ya iya cikin numfashi ɗaya, sa'an nan ya girgiza igiya abokinsa ya jawo shi. Haka zai yi ta yi tun hantsi har faɗuwar rana, a kan 'yan dabino da gahawa. Da yawa daga cikinsu bayi ne ko 'ya'yan bayi da aka kawo daga Afirka, da yawa kuma bashin mai jirgi ya ɗaure su har ya zama gado ga 'ya'yansu. Tsadar abin da suke fitarwa ta kai inda a shekarar 1917 kamfanin Cartier ya karɓi wani katafaren gida a birnin New York a musayar sarƙar lu'ulu'u mai zubi biyu, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Da aka sayar da sarƙar nan a 1957, dala 151,000 kacal ta yi, dalili kuwa shi ne abin da ya faru a Japan tsakanin waɗannan shekaru.

Sinawa sun riga kowa gane cewa ana iya sa kawa aiki, don tun wajen ƙarni na 13 sukan cusa 'yan gumaka ƙanana tsakanin ɓawo da tantani, su ciro su bayan an lulluɓe su da sheƙi. Amma wanda ya mai da abin sana'a shi ne Kokichi Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya, wanda aka haifa a garin Toba a 1858. Ya fara kiwon kawa a 1888, ya ci bashi, mutane suka ɗauke shi mai taɓin hankali, sa'an nan a 1892 annobar jan ruwa, wato yaɗuwar wasu ƙananan halittu da ke rina teku su shaƙe abin da ke ciki, ta kashe mafi yawan kawarsa a mashigin Ago. A watan Yuli na 1893 shi da matarsa Ume suka sami lu'ulu'u na farko a wani ɗan tsibiri kusa da Toba, ko da yake rabin ƙwallo ne manne da ɓawo. Adalci ya wajabta a faɗi cewa dabarar samun mai cikakken zagaye ta wasu mutum biyu ce, Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa, waɗanda suka gane a farkon ƙarni na 20 cewa sirrin yana ga dasa yankin tantani tare da ƙwayar da aka cusa. Dillalan Turai sun yi ca a kan sabon lu'ulu'un suna cewa jabu ne, har magana ta kai gaban alƙali a birnin Paris, inda Mikimoto ya yi nasara a 1924, tun da masana sun shaida cewa abin da ya lulluɓe shi bai bambanta da na asali ba ko kaɗan. Cikin 'yan shekaru, da wannan ya haɗu da karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, jiragen tekun Farisa suka zauna a gaɓa, yunwa ta shiga garuruwa, ba su farfaɗo ba sai da man fetur, wanda aka fara samu a Bahrain a 1932.

Ga yadda aikin yake a yau a gonakin Mie da Ehime da Nagasaki, inda ake kiwon 'yar ƙaramar kawar da ake kira akoya. Akan ƙyanƙyashe 'ya'yan a tankuna, a reno su cikin raga a teku har su shekara biyu ko uku. Kafin ranar dashe sai a cunkusa su cikin kwando mai 'yan ƙofofi kaɗan domin ƙarfinsu ya ragu, gama kawa mai cikakken kuzari takan tofar da abin da aka sa mata. Ranar aiki, masanin dashe yana zaune gaban ɗan teburinsa, an ɗora kawa a kan mariƙi daidai idonsa, an sa ɗan katako an tokare bakinta da bai wuce faɗin yatsa ba. Ta wannan 'yar kafa zai zura siririyar aska ya tsaga hanya zuwa wurin ƙwanta, ya tura ƙwaya zagayayya da aka fafe daga ɓawon wata kawar ruwan daɗi, wadda galibi daga kogin Misisipi da rassansa a Amurka ake kawowa, sa'an nan ya bi ta da yankin tantani mai faɗin milimita biyu ko uku, wanda aka yanko daga wata kawa da aka zaɓa saboda kyan ɓawonta. Sharaɗi ne yankin ya manne da ƙwayar, ta fuskar da ta dace. In ya kauce da ɗan kaɗan, ko askar ta taɓa hanji, an yi asarar renon shekara uku. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba a hannun gwani, amma gwanintar kan ci shekaru kafin ta zauna.

Iyakar abin da hannun mutum yake yi a cikin kawa ke nan. Abin da ya rage hidima ce daga waje, kuma a ganina a nan ne darajar lu'ulu'u take tabbata ko ta lalace. Akan kwantar da waɗanda aka yi wa dashe a ruwa mai natsuwa na 'yan makonni har raunin ya warke, a ware waɗanda suka mutu da waɗanda suka tofar, sauran a jera su cikin raga a rataye ƙarƙashin gora ko igiyoyin da ke yawo bisa ruwa. Daga nan kullum manomi yana cikin kwalekwale: ya ɗago raga ya kankare gansakuka da ƙananan halittun da ke liƙe wa ɓawo suna hana kawa ci, ya auna zafin ruwa da gishirinsa, ya saukar da ragar ƙasa idan ruwan sama ya yi yawa, ya ƙaura da ita wuri mai ɗumi idan hunturu ya tsananta, ya kwana da fargabar guguwa da jan ruwa. Tun daga 1996 wata cuta ta yi wa akoya mummunar ɓarna a Japan, a 2019 kuma wata ta faɗa wa 'ya'yan. Akan girbe a tsakiyar sanyi, Disamba da Janairu, saboda a lokacin kawa tana aiki a hankali, shafuffukan ƙarshe sukan fito sirara, a matse, masu tsananin sheƙi. Bayan duk wannan wahala, abin da ke fitowa ba aibi kaɗan ne ƙwarai cikin abin da aka dasa.

Sana'ar ta bazu. A arewacin Ostareliya, inda aka kafa gonar farko a Kuri Bay a 1956, da Indunusiya da Filifin, ana kiwon wata ƙatuwar kawa mai kai faɗin faranti, mai ba da fari kamar azurfa ko ruwan zinariya, daga milimita 9 har zuwa 20; ita akan bar ta shekara biyu, a ciro lu'ulu'un ba tare da an kashe ta ba, a sake sa mata wata ƙwayar. A tsibiran Tahiti kawa mai baƙin leɓe ce ke ba da mai duhu, wanda kore da shunayya ke gilmawa a cikinsa. Sin kuwa ta cika kasuwa da na ruwan daɗi, musamman daga yankin Zhuji, inda kawa ɗaya takan ɗauki dashe ashirin da wani abu.

Game da daraja, ma'abuta wannan fanni sukan duba abubuwa bakwai: girma, siffa, launi, sheƙi, tsabtar fuska, kaurin lulluɓi, da dacewar ƙwayoyi da juna. Sai dai ba matsayinsu ɗaya ba, kuma mai saye da ya fara da girma ya fara da kuskure. Sheƙi shi ne shugaba. Lu'ulu'u nagari, idan ka kusanto da shi, za ka ga surar taga ko ta fuskarka a jikinsa da iyakoki bayyanannu. Wanda ya yi fari fat kamar alli, komai girmansa, ƙarami mai sheƙi ya fi shi. Sheƙi kuwa ɗa ne ga kaurin lulluɓi da kyan jerinsa, shi kuma kauri ɗa ne ga lokaci. A nan jarrabawar manomi take, domin kowane wata da ya ƙara wa kawa a ruwa yana ƙara haɗarin ta mutu, ko ƙwayar ta karkace, ko tabo ya fito mata, alhali idan ya yi gaggawar cirowa zai sami zagayayye sumul wanda lulluɓinsa bai fi fatar albasa ba, ya yi kyau a kanti, bayan 'yan shekaru ya ɓare a bakin huda. Wannan ha'inci ne, ko da doka ba ta kira shi haka ba. Mikimoto da kansa ya tara lu'ulu'u marasa kyau ya ƙone su a bainar jama'a a birnin Kobe a 1932 domin ya tsare mutuncin sana'ar, hukumomin Tahiti kuma sun daɗe suna hana fitar da wanda lulluɓinsa bai kai milimita 0.8 ba, kafin a soke wannan doka a 2017.

Launi yana bin jinsin kawa, musamman wadda aka yanko tantaninta, don haka zaɓen ta ilimi ne mai zaman kansa. Cikakken zagaye ya fi tsada saboda ƙarancinsa, ko da yake mai siffar ɗigon hawaye yana da masoya, ni ma ina cikinsu. Dacewa kuwa aikin masu tankaɗe ne, waɗanda ke zama gaban tagar da ke fuskantar arewa, inda haske ba ya sauyawa da yawa, suna juya dubban ƙwayoyi kafin su haɗa sarƙa ɗaya da babu bare a cikinta. Ya kamata a sani cewa galibin akoya akan wanke su da magani domin su ƙara fari, wasu kuma akan rina su. Babu laifi a ciki muddin mai sayarwa ya bayyana, kamar yadda shari'a ta ɗora wa kowane ɗan kasuwa bayyana aibin hajarsa.

Mai saye yana iya goga ƙwaya a hankali a gefen haƙorinsa: na gaske, na kiwo ne ko na asali, yakan yi ɗan kaushi kamar rairayi, na gilashi ko roba kuwa santsi ne. Ya leƙa bakin huda ya ga kaurin lulluɓin da idonsa. Idan ya saya, ya nisanta shi da turare da tsami, gama alli ne, tsami yana cinsa, ya kuma goge masa gumi da ƙyalle mai laushi bayan an cire. Amma rarrabe na kiwo da na asali ya fi ƙarfin ido da haƙori, sai hoton da ke ratsa jiki, wanda ke nuna ƙwayar da aka dasa a tsakiya. Saboda haka ne Bahrain, wadda har yanzu dokarta ta hana cinikin lu'ulu'un kiwo a cikin ƙasarta, ta kafa cibiya ta musamman mai suna Danat a 2017 domin gwada kowace ƙwaya da ba ta takardar shaida.