Bidiyo a Cikin Aji: Wa Ke Zaɓar Abin da Yaranmu Ke Kallo?

A zamanin majigi, hukuma ce ke zaɓar fim, a kafa farin ƙyalle a dandali, yara da manya su kalla tare. Daga 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kaset ɗin finafinan Hausa ya soma shiga gidaje. Yau kuwa malami a Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun, yana iya shiga aji da finafinai barkatai a cikin wayarsa.

Ba mu ce bidiyo mugun abu ba ne. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, ko bugawar zuciya, zai gane cikin minti biyar abin da alli da allo suka kasa nuna masa. Amma tun da zaɓin ya koma hannun mutum ɗaya, dole a yi ƙa'ida.

Gwamnati ta riga ta nuna hanya. A 1993 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Bidiyo ta Ƙasa, wadda ke sa wa fim alamar shekaru: G na kowa ne, sannan akwai 12, 15 da 18. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar a 2001. Sai dai yawancin abin da ake turawa daga waya zuwa waya ba ya ɗauke da wata alama. Don haka tacewar ta koma kan makaranta.

Ga shawararmu ga hedimastoci da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Na farko, malami ya kalli fim daga farko har ƙarshe kafin yara su gani. Na biyu, ya rubuta sunansa da darasin da ya shafa, hedimasta ya sa hannu. Na uku, a bi alamar shekaru. Na huɗu, malami ya zauna a aji, ya yi tambayoyi bayan kallo, kada bidiyo ya zama hanyar hutunsa.

Na biyar shi ya fi mu nauyi. A Jigawa 'ya'yanmu ƙalilan ne cikin aji, benci ɗaya suke zama da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka aka kuma juya shi da Hausa, muna ƙaunarsa. Amma wurinsa majami'a ne da makarantar Lahadi. Kada a nuna wa yaro fim na addini ba da sanin iyayensa ba, ko namu ko nasu. Abin da muke roƙo a yi wa 'ya'yanmu, mu fara yi wa na wasu.

Iyaye, in yaro ya dawo gida, ku tambaye shi abin da ya kalla. Yaran nan amana ce, za mu ba da lissafinsu a gaban Ubangiji. Allah ya ba malamanmu hikima. Amin.